Labule da Fuska: Tarken Launin Baya a Hotunan Sutudiyo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai hoto ya san cewa kafin a ce masa ya zauna, ko ya ɗaga haɓa, ko ya dubi kyamara, an riga an gama shawara a kan abu guda, watau abin da zai kasance a bayansa. Wani lokaci farin bango ne kurum, wani lokaci ƙyalle ne mai zane, wani lokaci kuwa surar birni ce ko ta jirgin sama da aka zana da fenti. A wannan maƙala za mu kira wannan abu labule, ko da ƙyalle aka yi shi, ko da takarda, ko da haske, domin sauƙin bayani.

Galibin masu kallon hoto ba su cika kula da labule ba, alhali kuwa sau da yawa shi ne yake cinye fiye da rabin filin hoton. Launinsa yana iya fito da fuskar mutum, yana kuma iya dusashe ta. Yana iya ƙara wa tufafi kwarjini, yana kuma iya haɗiye su. Tun da yake hoton sutudiyo ne akan ajiye a gida har jikoki su san kamannin kakanninsu da shi, to lalle batun ya fi ƙarfin a bar shi a hannun sa'a.

Manufarmu ita ce mu duba hanyoyi huɗu da ake bi a sami labule mai launi, watau ƙyalle, da fenti, da haske, da kwamfuta, sa'an nan mu auna kowace hanya da aikin waɗanda suka shahara a kanta, musamman a Afirka ta Yamma inda wannan fasaha ta yi ƙarfi. Ma'aunin da za mu riƙe guda ɗaya ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Saboda haka tambayar da za mu yi wa kowane labule ita ce, me ya yi wa fuskar da ke gabansa?

2.0 Asalin Labule da Matsalar Launi

A shekarar 1839 ne aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa. Shekara biyu bayan haka, a 1841, wani Bafaranshe mai sutudiyo a Landan, Antoine Claudet, ya yi rajistar wasu dabaru nasa, ciki har da kafa zanen fenti a bayan wanda ake ɗauka. Daga nan labule ya shiga jerin kayan aikin mai hoto. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 sana'ar ta kafu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda iyalin Lutterodt a Akra da Jonathan Adagogo Green a Bonny suka yi suna. Labulayen wancan zamani yawanci ginshiƙai ne da matakala da lambuna irin na gidajen attajiran Turai, kuma da yake hoton fari da baƙi ne, abin da aka fi kula da shi shi ne haske da duhu.

A wannan shekara ta 1839 kuma aka buga wani littafi a Faris wanda ba a kan hoto aka rubuta shi ba, amma ya shafi kowane mai hoto. Marubucinsa, Michel-Eugène Chevreul, masanin sinadarai ne da aka naɗa shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a 1824. An yi ta kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa lau, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin ne suke sauya yadda ido yake ganinsa. Daga nan ya fitar da ƙa'idarsa, cewa duk launi biyu da suka yi maƙwabtaka, kowanne yakan tura ɗan'uwansa zuwa ga kishiyarsa a idon mai kallo. Abu mai duhu in aka ɗora shi a kan fari sai ya ƙara duhu, in aka ɗora shi a kan baƙi sai ya yi haske. Ruwan ƙasa kusa da shuɗi yakan ƙara ja da ɗumi, kusa da ja kuwa sai ya koɗe.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne ga mutanen da suka gaji karofi. Wanda ya ga yadda rawani ɗan Kura yake fito da fuskar mai shi ya riga ya ga ƙa'idar Chevreul da idonsa. Har wa yau harshenmu ma yana da abin da zai koya mana a nan. In ban da 'yan kalmomi irin su fari da baƙi da ja da shuɗi da kore, launuka da yawa da sunan wani abu muke kiransu, alal misali ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Watau a wurin Bahaushe launi yakan taho tare da abin da aka san shi da shi. Haka abin yake a labule. Mai hoton da ya zaɓi launi ya zaɓi abin da zai faɗo wa mai kallo a rai ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

3.0 Ƙyalle: Seydou Keïta

Hanya mafi sauƙi ita ce a rataya ƙyalle ko takarda mai launin da ake so. A yau ana sayar da takardar labule a naɗe, mai faɗin mita 2.72, launi iri-iri, a sauko da ita daga sama ta malalo har ƙarƙashin ƙafa ba tare da gaɓa ba. Amma mutumin da ya fi kowa nuna abin da ƙyalle zai iya yi bai yi aiki da irin wannan takarda ba, kuma hotunan sutudiyonsa duka fari da baƙi ne.

An haifi Seydou Keïta a Bamako wajen 1921, ya rasu a Faris a 2001. Kafinta ne ɗan kafinta. A 1935 wani kawunsa ya kawo masa tsarabar kyamarar Kodak Brownie daga Sanagal, a 1948 kuma ya buɗe sutudiyonsa a unguwar Bamako-Coura. A tsakar gida yake yin yawancin aikinsa da hasken rana, da fim mai girman santimita 13 da 18, kuma saboda tsadar kaya sau ɗaya yakan ɗauki kowane mutum. Labulensa na farko zanen gadonsa ne mai geza. Daga baya ya riƙa sauya labule bayan 'yan shekaru, har ya zama da labulen ne yake gane lokacin da ya ɗauki hoto. A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, ba da jimawa ba sutudiyon ya rufe. Duniya ba ta san sunansa ba sai bayan da aka nuna wasu hotunansa a Amurka a 1991 ba tare da an ambaci mai su ba, aka bi sawu aka gano shi, aka shirya masa nuni na kansa a Faris a 1994.

Mai karatu na iya cewa, me ya kawo mai hoton fari da baƙi cikin zancen launi? Abin da ya kawo shi shi ne matan Bamako da suka zo wurinsa cikin atamfofi masu launi iri-iri suke, labulensa ma mai launi ne, sai dai fim ɗinsa ba ya ganin kome sai nauyin haske. Tilas ne ke nan ya riƙa fassara kowane launi zuwa duhu ko haske a cikin kansa kafin ya buɗe kyamara. Wanda ya iya wannan fassara ya riga ya kama rabin ilmin launi, domin ko a hoto mai launi, abin da ke raba mutum da labulensa tun farko shi ne bambancin duhu da haske.

Dabararsa mafi ban sha'awa ita ce haɗa zane a kan zane. Zai zaunar da mace mai atamfa mai manyan furanni a gaban labule mai zanen ganyaye, wani lokaci ma a kan bargo mai ɗaki-ɗaki. A ƙa'idar makaranta wannan hargitsi ne. To, amma da yake ko'ina a hoton cike yake da motsi, sai fuska da hannuwa suka zama su kaɗai ne wurare masu natsuwa, idon mai kallo kuwa in ya gaji da yawo can yake komawa ya huta. Watau Keïta ya sa hayaniyar labule ta yi wa fuska hidima. Bugu da ƙari, hasken rana mai laushi da yake amfani da shi yakan bar sheƙi a goshi da kunci, yadda baƙar fata takan fito da cikakken fasalinta.

Duk da haka akwai abin cewa guda biyu. Na farko, ba kowane lokaci dabarar take ci ba. Inda zanen riga da na labule suka zo daidai a girma da nauyi, iyakar jiki takan ɓace, kai ya zama kamar yana shawagi a kan ƙyalle. Na biyu, manyan hotunan da ake ratayawa a gidajen nuni an wanke su ne daga shekarun 1990, da girma da tsananin baƙi da fari fiye da ƙananan da masu su suka kai gida. Mai tarke sai ya lura cewa wani kaso na ƙarfin labulen da yake yabo, hannun mai wanki ne ya ƙara shi daga baya.

4.0 Fenti: Philip Kwame Apagya

A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai launi suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Kafin wannan lokaci sirrin sana'ar yana cikin ɗakin duhu na mai sutudiyo. Da injin ya zo, sai ya zama duk wanda ya mallaki ƙaramar kyamara yana iya bin biki da suna ya ɗauki mutane, ya kai fim a wanke masa. Sutudiyo da yawa suka durƙushe. Waɗanda suka tsira sai da suka nemo abin da mai yawo da kyamara ba zai iya ɗauka a jaka ba, wannan abu kuwa shi ne labule.

Zanen fenti a bayan mutum ba sabon abu ba ne a yankin. Sanlé Sory, wanda ya buɗe Volta Photo a Bobo-Dioulasso a 1960, ya ɗauki samari a gaban zanen jirgin sama da na bakin teku, sai dai cikin fari da baƙi. Wanda ya kai abin ga matuƙa cikin launi shi ne Philip Kwame Apagya na Gana. An haife shi a Sekondi a 1958, ɗan mai hoto ne, ya kuma buɗe nasa sutudiyon a garin Shama a 1982. Labulayen da ya yi suna da su a shekarun 1990 sun ƙunshi falo mai dibaida cike da talabijin da rediyo da bidiyo, da firiji a buɗe shaƙe da abinci da lemo, da filin jirgin sama, da gidajen bene. Tobias Wendl da Nancy du Plessis sun nuna shi yana aiki a fim ɗinsu na 1998 mai suna Future Remembrance.

Launukan waɗannan labulaye irin na masu zanen allunan shaguna ne, ja wur, kore shar, rawaya mai kashe ido, babu sassauci. Mutumin da ya zo ɗaukar hoto kuma ba a bar shi ya tsaya ƙiƙam ba. Zai miƙa hannu kamar yana ɗauko wani abu daga firijin, ko ya ɗaga ƙafa kamar zai hau matakalar jirgi da jaka a hannu. Babu wanda aka yaudara, domin kowa yana ganin fenti ne, wani lokaci ma har gaɓar da labule ya haɗu da daɓe tana bayyane. Wasa ne da mai hoto da mai saye suka shirya tare, kuma kowannensu ya san wasa ne.

Kuskure ne babba a kalli waɗannan hotuna a yi dariyar talaka mai mafarkin firiji. Bahaushe ya san jeren ɗakin amarya, inda akan jera kwanoni da tasoshin da ba a cin abinci a cikinsu, domin su faɗi matsayin gidan da ta fito da fatan da ake yi mata. Ya kuma san irin hoton da alhazai kan dawo da shi, suna tsaye a gaban zanen Ka'aba. Labulen Apagya daga wannan dangi yake. Bayani ne na buri, wanda aka yi shi a fili da yardar mai shi.

To, amma in muka koma ga ma'auninmu, sai mu ga fuska ta yi asara. Domin a nuna dukan zanen, tilas kyamara ta ja baya, mutum ya fito tun daga kai har ƙafa, fuskarsa ta ƙanƙance. Domin kada inuwarsa ta faɗa a kan zanen ta ɓata wasan, tilas a baje haske ko'ina daidai, irin wannan haske kuwa ba ya fito da tudu da kwarin fuska. Daɗin daɗawa, ja da rawaya masu ƙarfi sukan riga fata kama ido. Mai kallo yakan gama ƙirga abin da ke cikin firiji kafin ya dubi mutumin. Hukuncinmu shi ne, a matsayin tarihin abin da mutanen wani zamani suka yi buri, da wuya a sami kamar hotunan Apagya, amma a matsayin hoton mutum ɗaya da halinsa, na Keïta sun sha gabansu.

5.0 Haske

Hanya ta uku ita ce a bar labule ba launi, a rina shi da fitila. Akan ɗaura wata leda mai launi mai jure zafi, wadda masu sana'ar ke kira jel, a bakin fitilar da aka keɓe wa labule. Kamfanoni irin su Rosco da Lee suna yin ta launi ɗaruruwa. Da labule guda ɗaya sai a sami shuɗi da safe, ruwan goro da rana, shunayya da yamma. Sai dai wannan sauƙi yana tafe da sharuɗɗa, kuma rashin kiyaye su ne yake haifar da yawancin munanan hotunan da ake gani.

Sharaɗi na farko ya shafi labulen kansa. Mai koyo yakan zaci farin bango ne ya fi karɓar launi, alhali kuwa ruwan toka ya fi shi. Dalili shi ne fari yana mayar da duk wani haske da ya ɓata hanya a ɗakin, sai wannan farin haske ya gauraya da launin ya tsinka shi, kamar an ƙara wa shuni ruwa. Ruwan toka kuwa kaɗan yake mayarwa, saboda haka launin yakan zauna da kauri. Haka kuma ƙara wa fitilar jel ƙarfi ba ya ƙara kaurin launi. Ƙarin ƙarfi koɗar da shi yake yi, ragewa ce take sa ya nuna.

Sharaɗi na biyu tazara ce. Idan aka ninka nisan da ke tsakanin fitila da abu sau biyu, hasken da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, in sau uku ne ya koma ɗaya cikin tara. Alal misali, in fitilar gaba tana mita ɗaya daga mutum, labule kuma yana mita biyu a bayansa, to abin da ke isa labulen kashi ɗaya ne cikin tara na abin da ke isa fuska. Da haka ne ake sa labule ya yi duhu tukuna, sa'an nan a rina shi. In ɗakin ƙarami ne, sai a kare gefen fitilar gaba da baƙin kwali don kada haskenta ya zuba a baya. Tazarar tana da wani amfani kuma. Mutumin da aka manna da jan labule, jan yakan dawo ya shafe masa kunne da wuya da farar hula.

Sharaɗi na uku shi ne sanin cewa haɗa haske dabam yake da haɗa rini. A wurin marini shuɗi da rawaya su ke ba da kore. A haske kuwa ja da kore su ke ba da rawaya, in aka ƙara musu shuɗi sai su koma fari. Har ila yau kyamarar zamani in aka bar ta ta daidaita launi da kanta, ta ga ja ya cika fili, sai ta yi ƙoƙarin rage shi, fuska ta karkata zuwa kore-kore. Saboda haka sai a saita ta da hannu a kan hasken fitilar gaba.

A nan ne ya kamata mu tsaya a kan fata. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara an gina ta ne ta mayar da abin da ta gani zuwa matsakaicin ruwan toka. In labule ya yi haske ƙwarai, sai ta rage, baƙar fuska ta nutse, ido da haƙora kaɗai su rage. Matsalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, mai hoton Baturiya, wanda da shi ake saita launi. Lorna Roth, a nazarinta na 2009, ta nuna cewa ƙorafin masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda ruwan ƙasar hajarsu ba ya fita daidai, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu fata dabam-dabam. Darasin shi ne mai hoton da yake ɗaukar baƙi da wankan tarwaɗa ba zai dogara da saitin da kaya suka zo da shi ba. Fuska zai fara aunawa, sa'an nan ya ɗora labule a kanta. Fatar ɗan Adam kowace iri ce tana cikin dangin ruwan ƙasa da ruwan goro, shi ya sa shuɗi mai kauri da kore mai duhu suke fito da ita, ja da ruwan goro kuwa suke gasa da ita, sai an raba su da ita ta fuskar duhu da haske.

6.0 Kwamfuta

Hanya ta huɗu ita ce a ɗauki mutum, a yanke shi daga inda ya tsaya, a manna shi a wani wuri. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, yau kuwa wayar hannu ma tana yin wannan aiki cikin daƙiƙa. Akan tsayar da mutum a gaban kore ko shuɗi domin su ne suka fi nisa da launin fata, yankan ya fi sauƙi. Babu laifi ga kayan aikin. Aibin yana ga yadda ake yawan amfani da shi, inda akan ɗauki hoto tukuna a bar tunanin labule sai daga baya.

Alamun irin wannan aiki a bayyane suke. Haske yana dukan fuska daga hagu, a labule kuwa rana tana dama. Ƙafa ba ta da inuwa. Gefen gashi da na mayafi ya zama kamar an bi shi da almakashi, ko kuwa ya riƙe ragowar kore. Mafi muni shi ne hannun da ya sauya labule sau da yawa shi ne yake wucewa ya goge fata, ya haskaka ta, har uwa ta kasa gane 'yarta. Sa'an nan akwai asarar da ta fi waɗannan zurfi. Wanda ya je wurin Keïta ya ga labulen da idonsa, ya gyara zamansa saboda shi. Wanda ya je wurin Apagya ya zaɓi nasa, ya yi wasa da shi. Wanda aka manna a gaban wani gidan sarauta bayan ya tafi gida kuwa, babu abin da ya haɗa jikinsa da wurin, kuma hoton yakan tona wannan.

Cewa gyara yana yiwuwa, aikin Omar Victor Diop ya isa shaida. An haife shi a Dakar a 1980, yana kuma aiki da kyamarar zamani da kwamfuta. A jerin hotunansa mai suna Le Studio des Vanités ya ɗauki matasa masu fasaha na biranen Afirka a gaban labulaye masu zane da launi mai ƙarfi, yana bin sawun Keïta a fili. A Diaspora na 2014 kuma ya ɗauki kansa cikin shigar wasu 'yan Afirka da Turawa suka zana a ƙarnonin baya, kamar Ayuba Sulaiman Diallo, yana riƙe da kayan ƙwallon ƙafa. Abin lura a aikinsa shi ne launin labule da na tufafi tare aka tsara su tun kafin a ɗauki hoton, yawanci launi biyu ko uku ne ke mulki, fata kuma an bar ta da duhunta da sheƙinta. In akwai abin zargi, shi ne wani lokaci gyaran yakan yi yawa har hoton ya yi kama da na talla, a rasa ɗan rashin daidaiton nan da ke sa a ji mutum ne mai rai ya zauna.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa samun launi a bayan mutum ya yi ta ƙara sauƙi, daga zanen gadon Keïta zuwa taɓa waya da yatsa, amma sauƙin bai ɗauke wa mai hoto nauyin zaɓi ba. Abin da nazarin ya nuna ana iya taƙaita shi cikin abu uku. Na ɗaya, a fara da fuska da tufafi, a nemo musu labule, kada a fara da labule a cusa mutum a ciki. Na biyu, a raba mutum da labule ta duhu da haske kafin a yi zancen launi. Na uku, a bar mai hoton ya san abin da ke bayansa, ya yarda da shi, domin shi da zuriyarsa ne za su zauna da hoton. Wani lokaci ma amsar ita ce a bar labule fayau, kamar yadda J.D. 'Okhai Ojeikere ya yi a hotunan kitson matan Nijeriya da ya fara ɗauka a 1968, inda ya kawar da kome don kitson ya yi magana.

Daga ƙarshe muna kira ga sassan nazarin harshe da al'adu na jami'o'inmu da su mai da hankali ga tsofaffin sutudiyo na Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ya kamata a tattara fina-finan da suka ajiye da labulayen da suka yi aiki da su, a kuma zauna da masu sana'ar a rubuta kalmomin da suke kiran kayansu da launukansu. Sunan Keïta bai tsira ba sai don ya adana fina-finansa cikin akwati shekara da shekaru, har aka zo aka neme su.